Ruwa Bai Ci Jibo Ba

(Jawabin da Zakariya'u Sidi ya yi a Garin Tamu, ƙasar Magarya, ranar sadakar arba'in ta marigayi Malam Jibo Wakili.)

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba da rai kuma shi ke karɓar abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Sarki, ranka ya daɗe. Magajin gari, barka da zuwa. Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta malam. Daraktan lakwal da malamansa, dattawan gari, 'yan'uwa da kuka taso daga Kwaya da Mallawa da Dungas, da waɗanda suka ƙetaro iyaka, sannunku da hanya. Hinda, matar marigayi, na san kina ji na daga bayan zana inda kike takaba. Mas'udu, Nazifa, Rahama, 'ya'yana, sannunku da haƙuri.

Wanda bai san ni ba, ni taubashin Jibo ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Da dangi suka zauna neman wanda zai yi magana yau, akwai waɗanda suka fi ni ilimi da furfura, amma suka ce Zakariya'u ya tashi, domin bakin taubashi ba ya laifi. To, tun muna yara nake tsokanar Jibo ba a hana ni ba. Yau ma ina roƙon kada a hana ni, ko da maganar ta bar wasa.

Tun ranar da muka binne shi nake jin kalma ɗaya a bakin masu gaisuwa: ruwa ya ci Jibo, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba na jayayya da ita. Amma ruwa bai ci Jibo ba. Ku yi mini haƙuri in fara gaya muku wane ne shi, sannan in gaya muku abin da ya ci shi.

Ya kasance gardin lakwal ɗinmu, wato mai gadin makarantar boko, tun ana karatu a rumfar kara. Da ƙuruciya ya tafi ci-rani Tafkin Chadi. Sa'o'insa suka dawo da rediyo da keke, shi ya dawo da hauka. Haka muka kira abin a lokacin. Ya sayo katako a kasuwar Magarya, ya zauna da kafinta suka haɗa kwale-kwale, a garin da tafkinsa ke bushewa da rani har a shuka rake da rogo a cikinsa. Bai tsaya nan ba. Ya tara buhunan taki, Hinda ta ɗinke masa su, ya ɗaura a doguwar gora, wai iska ce za ta riƙa tura jirgin. Inda buhu ya gaza, Hinda ta cike da wani tsohon jan zanenta. Ni na fara kiran abin zanen Hinda, sunan kuwa ya bi shi. Yara in sun hango shi daga nesa, cewa suke ga zanen Hinda can ya taso.

Mun yi masa dariya har damina ta zo, ruwa ya cika, ya raba mu da hanyar mota kamar yadda ya saba. Daga nan dariya ta ƙare.

Ya kasance shi ne gadarmu. Mace in naƙuda ta yi tsanani, Jibo ke kai ta gaɓar da amalanke zai ɗauke ta zuwa likita. Akwai samari zaune a nan da suka fara ganin duniya a cikin jirginsa, iyayensu mata sun san kansu. Ya ƙetare da amare, ya ƙetare da masu ciwo, ya ƙetare da gawa. Mai gari, mahaifiyarka a jirginsa ta yi tafiyarta ta ƙarshe zuwa garinsu. In ka miƙa masa goro zai karɓa, in ka wuce goro zai ɓata rai.

Ya kasance kuma mutum mai wata ɗabi'a da ba mu gada ba. Kowace damina, in an gama noman maimai, gero ya rufe ƙasa, lakwal tana hutu, sai ya loda tabarmi da tukunya da butar shayi da iyalinsa duka a jirgi, su yi 'yan kwanaki suna zaga tafki. Ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba kasuwa. Shekarar farko na tare shi a bakin ruwa na ce, "Taubashi, hijira ce, ko Hinda ce ta yi yaji ka bi ta da kaya?"

Ya ce, "Bakansi za mu."

Na ce, "Manomi da bakansi, hutun 'yan boko?"

Ya ce, "Jaki ma ana sauke masa mangala. Kai ne ba ka san an sauke maka ba."

Wata shekara suka ja ni. Ni da ruwa sai a buta, na ƙanƙame gefen jirgi ina karanta duk abin da na haddace, Rahama tana dariya tana cewa Baba Zakari ya rufe ido. Amma da na buɗe idon na ga abin da yake kai su gani. Tuddan da muke takawa da rani duk sun koma tsibirai, kowane da tsamiyarsa ko giginyarsa, tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya suna tashi a gabanmu. Muka sauka Mashayar Illa, matan Fulani suka kawo nono. Muka wuce Gaɓar Kyauta, inda gwaggon Hinda take, aka gasa mana ɗanyar masara. Kowace 'yar gaɓa akwai turken da Jibo ya kafa na ɗaure jirgi, akwai kuma masu jiran isowarsa. Yara suna tsinko bado, Hinda tana hura wuta a tsibiri tana faɗan an jiƙa mata ashana, shi kuwa yana kwance a tabarma, hula a fuska.

Ya raɗa wa tsibiran suna. Akwai Tudun Nazifa, akwai Tudun Rahama. Mafi girmansu ya ba ɗansa na fari, amma kunyar ɗan fari ta hana shi faɗin sunan, sai ya kira shi Tudun Wane. Har yau masunta haka suke kiran wurin. Mas'udu ya girma, ya tafi karatu Damagaram, bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Daga "kai" sai "wane".

Wannan shi ne mutumin. Yanzu ga abin da ya ci shi.

Da ranin da ya wuce, Alhaji Mamuda ya kewaye fadamarsa da turakun ƙarfe da waya. Alhaji, ina ganin ka, ga ka nan kusa da Liman, kuma na ji daɗi da ka zo, don ba na son a kai maka maganata da ƙari ko ragi. Gonarka ce, ka kewaye abinka, ba wanda ya ce uffan. Amma shingen ya ratsa tsohuwar makwarara, inda ruwa ya fi zurfi, inda jirgi ke bi tun da aka yi jirgi a garin nan. Jibo ya same ka a ƙofar kantinka, a gaban mutane, ya durƙusa ya gaishe ka. Ya ce, "Alhaji, in ruwa ya cika zai rufe ƙarafan nan, ba mai ganin su. A cire na cikin makwarara kawai, in ruwa ya janye ni da kaina zan mayar."

Ka ce, "Ba ruwana."

Ya ce, "Mata masu naƙuda ta nan nake bi da su."

Ka ce, "Na ce maka ba ruwana."

Jibo ba mai rigima ba ne. Ya je ya saro dogayen gorori, ya yayyaga ragowar jan zanen nan na Hinda, ya ɗaura tsumma a kan kowace, ya ɗaure su a jikin turakun, yadda ko ruwa ya kai ina, jan tsumma zai nuna wurin. Farkon damina duka da su yake gane hanya. Da su ya fita da iyalinsa bana.

Suna can tsibiri, ka aika yaranka suka yi iyo a kan jarka suka kwance su. Dalilinka ka faɗe shi da bakinka a majalisa: in aka bar alama, gobe za a ce akwai hanya a gonarka. Illa makiyayi yana bakin mashaya da shanunsa, ya ga ana kwancewa. In kuwa shaidar Illa ba ta isa ba, duk mai ido ya bi ta ƙofar kantin Alhaji in an tashi daga nan. Sabuwar rumfar da ke wurin, da waɗannan gorori aka yi ta. Ɗaya har yanzu da jan tsumma a kanta, ko kunya ba ta sa an cire shi ba.

Ranar dawowa, da la'asar, hadari ya taso daga gabas. Iska ta cika zanen Hinda, jirgi yana gudu. Mas'udu ya ce ubansa ya miƙe tsaye yana duba ruwa, yana cewa, "Ina jan nan? Ku duba mini jan nan." Ba ja. Ƙarfe ya shiga cikin jirgin ya tsaga shi.

Jibo ya tura wa Hinda jarka ta rungume. Ya waiwaya ya ga Nazifa tana nutsewa kusa da yayanta, sai ya ɗaga murya ya ce, "Mas'udu, riƙe ƙanwarka." Yaron nan da bakinsa ya gaya mini, yana kuka, ya ce, "Baba Zakari, ranar ce kaɗai ya kira sunana." Rahama kuwa waya ta kama mata riga a ƙarƙashin ruwa. Ubanta ya nutsa ya ɓalle ta, ya turo ta sama. Wayar da ta saki 'yar ita ta riƙe uban. Da safe masunta suka ciro shi, sai da aka yanke wayar daga ƙafarsa.

Mutumin da ya yi iyo a Tafkin Chadi, a ce ruwan Garin Tamu ya ci shi? Ruwan nan ya ɗauke shi shekara da shekaru bai taɓa cin amanarsa ba. Ku daina ɗora wa ruwa laifin da ba nasa ba.

Hukuma tana nata aikin, ba zan sa mata baki ba. Ni maganar gari nake yi. Shekaranjiya an kawo buhun shinkafa daga gidan Alhaji, wai gudummawar sadaka. Jiya wasu dattawa, da kyakkyawar niyya, suka shiga wurin Hinda suka ce ta daure ta ce ta yafe, a faɗa a taron nan, magana ta mutu. Ta ce a ba ta zuwa safe. Da safen nan ta kira ni, ga abin da ta ce in faɗa, ban ƙara ko wasali ba:

"Ka gaya masa shinkafarsa tana zaure, ba a kwance bakin buhun ba. Ƙarafan nan har yanzu suna cikin ruwa suna jiran wani. Ranar da ya shiga da ƙafarsa ya tuge su, ya kawo su ƙofar gidan nan, ya zo mu yi maganar yafiya. Kafin nan ban yafe ba, 'ya'yana ba su yafe ba."

Hinda, kin ji na faɗa. Kada wani ya sa ki jin kin yi laifi. Haƙuri da hukuncin Allah daban, rufa wa mai ƙarfe asiri daban.

Mas'udu, na ga yadda kake kallon rumfar nan in ka wuce. Ka saurare ni. Ba ashana, ba adda, ba sanda. Hannun da ubanka ya ce ya riƙe ƙanwarka, kada ka sa shi a abin da zai raba ka da ita. Ka gyara jirgi, kafinta ya ce zai gyaru. Ramuwar ka bar mana, mun riga mun shirya ta, kuma ba mu ƙirƙiro komai ba. Kalmarsa za mu mayar masa.

Alhaji, ka ce ba ruwanka. Mun zauna, mu masu noma da masunta da makiyaya da masu amalanke, mun ga gaskiya ka faɗa. To mu ma ba ruwanmu. Rakenka zai isa sara, ka nemi masu sara: ba ruwanmu. Motarka za ta kafe a yashi kamar yadda ta saba: ba ruwanmu. Za ka yi suna, za ka yi aure, za a dafa abinci ya kwana a tukunya. Shanun Illa ba za su kwana a gonarka su ba ta taki ba. Kantinka kuwa, gara mu taka har Kwaya mu sayo gishiri da mu tsaya a inuwar gororin Jibo. Matanka da 'ya'yanka ba su yi mana komai ba. In ciwo ya kama ɗayansu, jirgin Jibo zai ƙetare da shi, don haka mai jirgin ya koya mana. Kai dai ne ba za ka taka shi ba.

Na ga Liman yana gyara zama. Allah gafarta malam, na sani. Sallama wajibi ce a amsa, za mu amsa. In Alhaji ya riga mu, za mu wanke shi mu sallace shi, ba za mu bar farilla ba. Abin da ke tsakanin sallama da likkafani, shi ne namu. Ƙofa kuma ba a kulle take ba, Hinda ta nuna inda take. Ruwan bai fi ƙirji ba yanzu, Alhaji. Jibo ya shiga wanda ya fi shi.

Ina gode wa duk wanda ya taka ya zo, da masuntan da suka ciro mana shi, da matan da suka kwana daka. Tuwon da za a fito da shi yanzu geron rumbun Jibo ne, ku ci da kwanciyar rai. Alhaji, buhunka yana zaure. In ka nemi mai ɗaukar maka, ka riga ka san amsar, kai ka koya mana ita.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Jibo. Ka yalwata kabarinsa, ka karɓe shi cikin shahidai. Yadda ya ƙetare da bayinka bai gajiya ba, ka ƙetare da shi Siraɗi. Ka rufa wa Hinda asiri, ka raya Mas'udu da Nazifa da Rahama, ka mayar da zanen nan kan ruwa muna raye. Ranar da rana za ta sauko kan kawuna, kowa yana neman kurɓi ɗaya, ka shayar da Jibo daga tafkin Alkausara.

Wanda kuma ya ce ba ruwansa, in bai tuba ya tuge ƙarfensa ba, ya Allah, a ranar nan ka karɓi maganarsa yadda ya faɗe ta.

Liman, ka ja mana Fatiha.