Akushin Babana a Cikin Injin Otal

Ku da kuke ɗokin tafiya birni, ku matso ku ji. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi na fara ci-rani. Akuya na sayar a kasuwar Bebeji na yi kuɗin jirgi. Inna, mahaifiyata, ba ta da abin ba ni, sai ta ɗauko akushin marigayi babana, baƙi wuluk, yana ƙyalli.

"Ka riƙa cin abinci a ciki," in ji ta. "Amma aro ne fa, Tanko. Ka dawo mini da shi."

A Ikko na samu aikin wanke-wanke a wani babban otal. Ni da na zaci toka da soso za a ba ni, sai aka nuna mini wani akwatin ƙarfe mai huci. Wai sunansa dishiwasha. Bakina ya ƙi, na raɗa mata Dije, sunan kuma ya bi ta.

Shugaban masu girki, Baba Kuku, Bayarabe ne mai faɗa, amma ya san aikinsa. Shi ya koya mini a kankare sauran abinci tukuna, faranti a jera shi a tsaye, kofi a kife, kada kuma a tayar da Dije sai ta cika.

"Me ba ta ci?" Kullum sai ya tambaye ni.

"Itace, da wuƙa mai ƙotar ƙashi, da baƙin kaskonka na suya."

"Ka saka, ka koma Kano!"

To kun ji, ba rashin sani ba ne. Na sani sarai.

Abin da ya ci ni kunya ce. Masu kai wa baƙi abinci, masu fararen riguna, in sun gan ni da akushina sai su toshe hanci. Ɗaya ya ce, "Malam, wannan tun da aka sassaƙa shi ya taɓa ganin ruwa kuwa?" Aka kwashe da dariya. Wallahi maganar ta soke ni. Ran nan da rana, Baba Kuku ya fita, na cusa akushin a tsakanin farantai. Na ce a raina dokar ta kayan Bature ce marasa ƙwari.

Ya fito fari fat, kamar ba shi ba. Kafin la'asar ya bushe, ya tsage tun daga baki har gindi. Baba Kuku ya jujjuya shi a hannu, bai ko yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da damina ta kawo kai na dawo ƙauyenmu Badafi da turmin atamfa da kwanukan sha masu fure. Inna ta sa albarka, ta ture su gefe.

"Ina akushin?"

Na miƙa mata. Na fara kame-kame, wai injin ne mai zafi.

"Tsagewa ba komai ba ce, ana ɗaurewa," in ji ta. "Ina baƙin?"

"Inna, cewa suka yi datti ne."

Ta daɗe tana shafa shi da tafin hannu.

"Tun ina amarya nake goga masa man shanu, duk ranar da ubanka ya gama ci. Shi ka wanke, Tanko."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Ni ne dai ban daina ji ba.