Jujin da Aka Kwashe a Takarda

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sani Tela daga Gyadi-Gyadi, kuma raina a ɓace yake.

Da farar hula suka karɓi mulki, gwamnati ta ba da tallafi a kwashe tsohon jujin bayan gidanmu, a yi kasuwa. Ɗan kwangila bai ɗebi ko kwando ɗaya ba, jar ƙasa kawai ya zuba a kai. Damina na sauka, ruwan rijiyarmu ya koma baƙi, har matata ta daina kokon sayarwa. Na sami kansila, ya ce, "Malam, ai a takarda an kwashe."

Masu sauraro, ina zan kai kukana? Ko in fara ɗebo masa kofi guda ya sha?