Ƙarin Ruwan da Na Sa Aka Yi wa Matata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni manomi ne daga wajen Bakori.

Matata mai ciki ta yi sati biyar tana amai, ko koko ba ya zama. Aka ce laulayi ne. Na kira mai kemis ya yi mata ƙarin ruwa mai sukari a gida. Washegari idanunta suka kama rawa, ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

A Funtuwa likita ya ce aman ya cinye bitamin B1 na jikinta, sukarin ya ƙarasa ragowar. Ya yi mata allurar bitamin ɗin.

Yanzu ta gane ni, amma sai ta dafa bango take tafiya. Don Allah ki tambayar mini likitan shirinku, ƙafafun nan za su dawo? Ni na kira mai kemis ɗin.