Ƙuri'ar Abincin Dare

A rumfar Hajo mai tuwo, nan Ƙofar Gayan, na ji wani dattijo yana hira da wani matashi da ya ce bincike yake yi a kan zaɓe.

"Binciken me kuma, samari? Zaɓe ai an gama."

"Baba, aunawa nake ko kujerun majalisa sun yi daidai da ƙuri'un da aka kaɗa. Sai ka ga jam'iyya ta samu kusan rabin ƙuri'u, amma a majalisa kujerunta ba su taka kara sun karya ba."

"To ai ta faɗi ne! Wanda ya fi yawa shi ke kwashe komai. Ni ko a gidana haka na tsara. Kullum da la'asar sai an kaɗa ƙuri'a a kan abincin dare."

"Ikon Allah! Ku nawa ne?"

"Mu tara. Biyar 'yan taliya, huɗu 'yan tuwo."

"Ke nan wata rana taliya, wata rana tuwo?"

"Ina! Masu rinjaye ke ci. Tun Babbar Sallah taliya ake dafawa."

"Kai kana wane ɓangare, Baba?"

Dattijon ya kai wata ƙatuwar loma.

"Ni alƙalin zaɓe ne, ba ni da ɓangare. Hajo, ƙaro miyar kuka!"

"To 'yan tuwon gidan naka, yaya suke yi?"

"Yi ƙasa da murya, don Allah. Ka ga wancan na ƙarshen benci da ya ja hula har hanci? Babban ɗana ne. Kullum nan muke haɗuwa, kuma ba mu san juna ba."