Hutun da Aka Cinye a Ƙwallo

A ɗakin jira na asibitin haihuwa, wata jami'ar kula da ma'aikata mai juna biyu ta zauna kusa da wata dattijuwa mai yawan leƙen ƙofa.

"Mama, 'yarki ce a ciki?"

"Ita ce. Haihuwar fari, ga mijin can wurin aiki."

"Ba su ba shi hutu ba?"

"An cinye masa hutun a ƙwallo, 'yar nan. Wai gasa ake yi a ofishinsu, kowa ya faɗi ƙungiyar da za ta ci."

"Haba Mama! Irinta nake shiryawa a namu ofishin. Ko sisi ba a sawa, lauya ma ya duba ya ce ba caca ba ce. Kofin shayi kawai muke ba gwani."

"Su ma haka suke faɗa. A ɓoye kwanakin hutu suke zubawa. Wanda aka cinye sai ya je ofis ya ce ya bar wa abokinsa nasa don zumunci."

Jami'ar ta zabura.

"Don zumunci? Innalillahi! Direbanmu! Duk watan nan shi ake ta bar wa hutu, kuma ni nake sa hannu. Na ɗauka ciwo yake ɓoyewa, har nawa na ƙara masa."

"Shi ke gaba a gasar?"

"Shi ne."

"Yanzu yana ina?"

Jami'ar ta dafe cikinta.

"Yana gida yana hutawa, Mama. Ni kuwa awon nan ma sai da na roƙi izini."