Ranar da Kwando Ya Daina Wasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban gidan rediyonmu tare da ma'aikatansa, shugabar ma'aikatan agaji da jama'arta, malaman asibiti, direbobin manyan motoci, iyayena maza da iyayena mata, 'yan'uwana mazauna unguwar bakin kogi, da sauran jama'ar da suka bar sana'o'insu suka cika wannan zaure, ina yi muku sannu da zuwa, ina yi muku sannu da haƙurin zama.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana muna tsaye da ƙafafunmu a kan busasshiyar ƙasa. Ina kuma gode wa kwamitin unguwa da ya ce ni zan yi magana a madadinsa, wai don ni malamar makaranta ce, bakina ya saba da surutu. Ainihin dalilin kuwa kowa ya san shi. Ni ce yayar mutumin da aka taru dominsa, ni na goya shi, kuma ni kaɗai ce idan na ce masa ya zauna ba ya iya tashi. Ga shi can a layin gaba ya sunkuyar da kai, mai gabatar da shirin Kwandon Shara, wanda duk garin nan ya mance sunansa na yanka yake kiransa Kwando.

An shaida muku cewa wannan taron karramawa ne da ban kwana, domin tun bayan ambaliya ƙanena bai sake buɗe baki a rediyo ba, kuma ya ce ya bar aikin ke nan. To, bari in gaya muku tun yanzu, ni ban zo ban kwana ba. Na zo ne in hana shi tafiya, kuma maganata uku ce.

Ta farko, abin da wasan Kwando ya yi mana. Kafin shirinsa, idan aka ce ga labaran muhalli, lokacin ne uwar gida ke rage muryar rediyo ta tafi wanke-wanke. Ana ta faɗin ɗumamar yanayi, ana ta faɗin gurɓatar iska, mu kuwa muna jin abin kamar ciwon wasu mutane ne can nesa. Sai ga wannan yaro. Shi ne ya sanar da mu da murya irin ta manyan labarai cewa bishiyoyin garinmu sun yi fure na bana, baƙi da fari, kuma masana sun tabbatar sunan furen leda. Shi ne ya yi hira da kwalbatin bakin kasuwa, ya tambaye shi rabonsa da ganin hasken rana, kwalbatin ya ce ba zai iya amsawa ba, bakinsa a cike yake. Shi ne da manyan duniya suka yi taron rage hayaƙi ya taya su murnar isa lafiya, kowa a jirginsa shi kaɗai. Mun yi dariya har da riƙe ciki, amma da dariyar ta lafa sai ga matasa da shebur a cikin kwata, sai ga mata suna zuwa cefane da jakar yadi, sai ga dattijo ya ɗaga hannu zai wurgar da leda ya waiga ya ga ana kallonsa ya cusa ta a aljihu. Abin da allunan gargaɗi suka shekara suna nema ba su samu ba, wasa ya samo shi.

Ta biyu, mutanen agaji. Su ma ba su tsira daga bakinsa ba. Lokacin da aka aiko mana da barguna masu kauri a tsakiyar zafi, ya ce mun gode, za mu ajiye wa jikokinmu ko yanayin zai ƙara canzawa. Mun zaci shugabarsu za ta yi fushi ta kai ƙara. Baiwar Allah nan, ga ta can tana rufe fuska, sai ta tako da ƙafarta har ɗakin watsa shiri, ta zauna, ta ce ya ci gaba da tsokana, amma ya bar ta ta riƙa kawo masa labarin kogi. Daga nan duk abin da ma'aunin ruwa ya nuna a can saman kogi, ita ke kawowa, shi ke yi masa riga ta wasa ya miƙa mana. Ya ku ma'aikatan agaji, kun zo ƙasar da ba ta da abin biyan ku, kun sha ruwan da muke sha, kun ji an yi muku dariya kun taya mu yi. Wallahi ina jinjina muku, kuma ba don kuna zaune a nan ba.

Ta uku ita ce mai nauyi, ranar ambaliya. Da hantsi shugabar agaji ta samu labarin ruwa ya cika ya tumbatsa a can sama, yana tafe, kafin la'asar zai shigo mana. Ta turo manyan motoci bakin unguwa, ta ruga gidan rediyo. Kwando ya katse kiɗan buɗe shiri, ya faɗi maganar a miƙe, babu gishiri: ruwa na zuwa, kowa ya fita. Mu kuwa, jama'a, sararin sama tas, rana tana dukan ƙeya, me muka yi? Dariya. A shagon tela ana cewa yau kuma mai karanta labaran gwamnati yake kwaikwaya, kuma ya iya. Ya maimaita, aka ƙara dariya. Ya rantse, aka ce kai, yau Kwando ya kai ƙarshe. Motoci na tsaye kusan babu kowa a ciki, direbobi na ta danna oda, mata na leƙowa suna komawa.

Da aka gaya masa abin da ake ciki, ya ajiye abin magana ya hau babur sai gidanmu. Ya tarar da Mama a kan keken ɗinkinta tana haɗa rigar makarantar 'yar maƙwabta. Ya durƙusa ya roƙe ta ta tashi, ta ce tun yana rarrafe take jin irin wannan, ya je ya yi wa waɗanda ba su haife shi ba. Ya zare rigar daga ƙarƙashin allura, ya cicciɓi kan keken ya aza a ka, ya fita titi da gudu. Kun san Mama da kekenta. Ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa shi sai mun wanke hannu. Ta biyo shi da takalmi ɗaya tana faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a gaban manya ba, har bakin mota. A nan ya juyo, ta ga fuskarsa, hawaye shaɓe-shaɓe. Sannan ta juya ga matan da suka fito kallo ta ce, "Ku ɗebo yaranku. Wannan ba ya kuka a wasa."

Haka unguwa ta tashi. Ma'aikatan agaji suna ɗaukar tsofaffi a baya, direbobi suna kaiwa suna komowa, har motar ƙarshe ta fita ruwa na lasar tayoyinta. Unguwa guda ta nutse har saman taga, kuma duk wanda kuke gani a nan ya fita da ransa.

Sai mutum ɗaya, mai gyaran rediyo na lungun ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Kun san shi, dattijon nan da tabarau ɗaure da zare, wanda babu wanda ya kai shi son shirin Kwando, don da shi yake gwada duk rediyon da ya gyara. An tsinci gawarsa kusa da shagonsa. A wurin gaisuwa wani ya ce, ba da mugun nufi ba, ai ya zaci wasa ne shi ya sa bai fita ba. Maganar ta faɗa a kunnen ƙanena, kuma tun daga ranar take cin sa. Ya rame, ya daina cin abincin kirki, ya ce mini, "Yaya, ni na koya musu dariya idan na yi magana. Da wane bakin zan koma?" Na yi lallashi, Mama ta yi faɗa, shugabansa ya yi zarya, duk a banza.

'Yar marigayin ba ta san wannan ba, domin bayan rasuwar dangi sun tafi da ita da yaranta wani gari. Sai da labarin taron ban kwana ya kai mata ta tambayi dalili, ta hau mota, yau da safe ta yi sallama a ƙofata. Ban gaya maka a gida ba, Kwando, don na san za ka ce dabarar yaya ce. Ga ta can zaune kusa da Mama, idan na ƙara ko na rage ta miƙe ta gyara mini.

Ta ce tana shagon ta kai wa mahaifinta abinci lokacin da ka fara sanarwa. Tun a karon farko, kafin ka maimaita, kafin ka rantse, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce mata, "Shekara da shekaru nake jin muryar yaron nan. Yau babu wasa a cikinta. Tashi ki ɗauko yara." Shi ya raka su har mota, su ne ma farkon shiga, lokacin da sauranmu muke dariya. Ya koma lungu yana buga ƙofofi. Da ruwa ya fara shigowa ta biyo direba ta dawo nemansa, ta hango shi daga kan mota, ta roƙe shi ya hau, ya ce saura makahon nan na bayan shagonsa. Bai san 'yan'uwan makahon sun riga sun fitar da shi ta wata hanyar ba. Abin da ya mayar da shi ke nan.

Ka ji, ƙanena. Mutumin da kake zaton wasanka ya kashe, shi ne farkon wanda ya gaskata ka a duk garin nan, kuma ya gaskata ka ne saboda ya daɗe yana sauraronka. Ya ku jama'a, ku faɗa masa da kanku, da ba don wasan nan ba, rediyon wa zai kasance a kunne da hantsin nan? Mu da muka yi dariya, ai mun ji kafin mu yi. Damina za ta dawo, kogi yana nan inda yake, shugabar agaji za ta sake samun labari, kuma dole wani ya faɗe shi ga mutanen da ke saurare. 'Yar marigayin ta ce in gaya maka rediyon da mahaifinta ya ba ta yana nan, yaranta suna kunna shi a lokacin shirinka, su ji wata murya, su kashe.

Allah ya jiƙan mai gyaran rediyo, ya sa ruwan nan ya zama shahada a gare shi, ya raya abin da ya bari. Allah ya saka wa ma'aikatan agaji da direbobi da malaman asibiti da alheri, ya tsare su a duk inda suka nufa. Allah ya kiyaye mana gidajenmu da koginmu, ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kwando, ɗago kanka. 'Yar mutumin nan ta yi doguwar tafiya, kuma amsarka take jira kafin ta koma.

Jama'a, na gode da aron kunnuwanku. Na gode.