Kwamfutar Bello da talabijin ɗina

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Garba mai albasa ne daga Badariya, Birnin Kabi, Jihar Kabi.

Ƙanena Bello ya aro 'yar kwamfuta, ya haɗa ta da talabijin ɗina. Wasan kwaikwayo tar yake fitowa a akwatin, amma rubutun kwamfuta rawa yake yi, dishi-dishi. Bello ya manna fuska ga gilashin har hawaye suka zubo. Inna ta gani ta ce, "Auta, wace ɗiya ta ƙi ka? In je gidansu!"

Masana, laifin akwatin ne? Idon autanmu nake ji. In akwatin ne, gobe zan sayar wa abokina na Argungu. Malam, don Allah kada ka karanta wagga gaɓa, shi ma yana sauraro.